'Yan Ƙwadagon Ƙarfe Biyar na Yamma

Karatu: Matiyu 20:1-16

Gabatarwa

A wannan fitowa muna so mu yi tunani tare a kan wata damuwa da ta shiga gidajen masu bi da yawa, musamman a Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita. Damuwar kuwa ita ce ta samarinmu waɗanda suka kai ƙarfi, waɗansu har da takardun digiri a cikin akwati, amma gari ya waye musu rana ta faɗi babu inda ake jiransu. Uwa tana kwana da abin a zuciya. Uba yana ɓoye nasa baƙin cikin a cikin faɗa. Shi kuwa saurayin ya fara zama a kujerar baya a sujada, daga nan sai a daina ganinsa.

Ubangijinmu ya ba da misalin wani mai gonar inabi wanda ya fita da sassafe neman ma'aikata. Ya yi jinga da na farko a kan dinari guda, wato ladan yini ɗaya na ɗan ƙwadago a zamanin. Ya sake fita wajen ƙarfe 9, da tsakar rana, da ƙarfe 3, yana ɗiban mutane. Da ƙarfe 5 na yamma, saura sa'a ɗaya a tashi, ya koma kasuwa ya tarar da waɗansu har yanzu suna tsaye. Sai ya tambaye su dalilin da ya sa suka yini haka. Suka amsa masa cewa babu wanda ya kira su aiki. Ya tura su gona, da yamma kuma ya sa aka biya su cikakken lada.

Ainihin koyarwar misalin nan ita ce alherin Allah, wanda yake ba da ceto kyauta ga na farko da na ƙarshe. Wannan ba za mu manta da shi ba. Amma Yesu ya zana halin Allah ne da hoton kasuwar 'yan ƙwadago, ya kuma nuna mana maigida wanda ya taka da ƙafarsa har sau 5, ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci, ya saurari amsa, sa'an nan ya ba da aiki. Idan halin Ubanmu ke nan, to, ya kamata a gan shi a cikin 'ya'yansa.

Kasuwar 'yan ƙwadago ta zamaninmu

Wanda yake zaune a Abuja ba ya bukatar a fassara masa wannan misali. Kowace safiya akwai samari a bakin manyan hanyoyi da mahaɗar tituna, wani da shebur, wani da diga, wani da cokalin gini da ma'aunin ruwa, suna zuba ido ga kowace motar da ta rage gudu. Yawancinsu ba a cikin birni suka kwana ba. Sun taso tun da asuba daga Nyanya, Karu, Mararaba, Masaka, Mpape, Kubwa, Dei-Dei, Zuba ko Suleja, sun biya kuɗin mota da abin da ya rage jiya. Idan rana ta yi tsaka ba a ɗauke su ba, wani ba shi da ko na komawa.

An kafa Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairu na 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammed, aka kuma dawo da kujerar mulki daga Legas ran 12 ga Disamba, 1991. Tun daga lokacin birnin ya zama abin da samarin ƙasar nan suke mafarki. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 1.4 a yankin, kowa kuma ya ga yadda jama'a suka ƙaru bayan haka. Sai dai an tsara Abuja domin ofisoshin gwamnati ne. Masana'antunta kaɗan ne idan aka gwada da Legas, ko da Kano da Kaduna a zamanin da masaƙunsu ke aiki. Abin da ya fi ɗiban samari shi ne gini, da gadi, da tuƙi, da saye da sayarwa. Gini kuwa na lokaci ne. Ran da aka ɗora rufi aka shafa fenti, ran nan aka sallami lebura. Ko sana'ar acaɓa da ta riƙe dubban samari, an hana ta a tsakiyar birni tun watan Oktoba na 2006.

Akwai kuma wata kasuwar ta masu riƙe da takardu. Ba za mu manta da Asabar, 15 ga Maris, 2014 ba, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta Hukumar Shige da Fice. Mutane fiye da 500,000 suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba a faɗin ƙasa, kowannensu kuma ya biya Naira 1,000. A Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Abuja turmutsitsi ya kashe aƙalla mutum 7, waɗansu kuma suka rasu a wasu garuruwan a rana guda. 'Ya'yan mutane ne da suka yi sallama da iyayensu da safe. Wanda ya tuna da wannan rana zai yi nauyin baki kafin ya ce matasan ƙasar nan ba sa son aiki.

Abin da ƙididdiga ta faɗa, da abin da ta rufe

Gwamnatoci da masana tattalin arziki suna auna lafiyar ƙasa da yawan mutanen da ke da aikin yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki da ke son yinsa ba su da shi, a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 kuwa abin ya kai kashi 42.5. A 2023 sai muka ji adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a farkon shekara. Mutane da yawa suka yi mamaki, gama ba su ga sababbin masana'antu ba, ba su kuma ga 'ya'yansu sun bar gida da safe ba.

Abin da ya faru shi ne an canza mudun awo. A dā, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon lissafi, wanda ya bi tsarin da ƙasashen duniya ke amfani da shi, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya tak domin lada ko riba a cikin kwana 7 da suka wuce, ana ƙirga shi cikin masu aiki. Saboda haka saurayin da ya sauke buhunan siminti ran Talata, ya yi sauran kwanakin yana tsaye a bakin hanya, a takarda ma'aikaci ne. Hukumar da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna aikin da ba shi da rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho. Ko da wannan sabon mudun ma, rahoton shekarar 2023 ya sa Babban Birnin Tarayya a kashi 14.1, na biyu a ƙasa bayan Jihar Abiya, alhali ƙasa gaba ɗaya tana kashi 5.4.

Ku lura da abin mamaki a nan. Mutanen ƙarfe 5 na yamma a misalin Yesu su ma aikin sa'a ɗaya suka yi. Mai ƙididdiga zai rubuta su cikin masu aiki ya rufe littafi. Mai gonar kuwa ya san cewa ladan sa'a ɗaya ba zai ɗora tukunya ba, ya san kowannensu akwai masu jiransa a gida, sai ya biya su abin da zai ciyar da iyali yini guda. Lissafi yana da amfani, bai kamata mu raina shi ba. Amma Allah yana duban ko mutumin ya ci abinci, ko kuma ya shiga gidansa da mutunci.

Don me ake zuba ido a kan samari?

Rashin aiki yana cin 'yan mata da manya ma, Allah kuma bai manta da su ba. Amma akwai dalilin da ya sa halin samari yake zama kamar ma'aunin zafin jiki ga al'umma. Su ne ake fara ɗauka idan gine-gine sun buɗe, su ne ake fara sallama idan kuɗi ya tsaya. A al'adunmu kuma saurayi ne ake jira ya kama ɗaki, ya biya sadaki, ya taimaki ƙannensa, ya aika wa tsofaffi wani abu a ƙauye. A Abuja mai gida yakan nemi kuɗin hayar shekara guda gaba ɗaya, wani har na shekara 2. Idan saurayi ya kasa, aure ya tsaya, 'yan mata a ikkilisiya suna ta jira, jarabar zaman da ba aure kuma ta sami ƙofa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wani haɗarin da ya fi wannan. A Littafin Mahukunta sura 9, Abimelek ɗan Gidiyon ya so sarauta. Mutanen Shekem suka ba shi azurfa 70 daga haikalin gunkinsu, ya yi ijarar 'yan zaman banza da kuɗin, suka bi shi ya karkashe 'yan'uwansa a kan dutse ɗaya. Abimelek bai sha wahalar samun mabiya ba, gama sun riga suna zaune ba abin yi. A 1 Sama'ila sura 22 kuma, mutum wajen 400 suka taru wurin Dawuda a kogon Adullam, masu shan wahala, da waɗanda bashi ya yi wa katutu, da masu ɓacin rai. Irin mutanen ɗaya ne. Amma a hannun Dawuda suka zama rundunar da ta tsaya tare da shi har ya hau gadon sarauta.

Darasin a fili yake. Saurayin da ke tsaye a kasuwa ba zai dawwama a tsaye ba, wani zai ɗauke shi. Idan mai gona bai zo ba, Abimelek zai zo. Yakan zo da rigar ɗan siyasa mai neman 'yan banga lokacin zaɓe. Yakan zo da wayar salula yana koyar da damfara ta intanet. Yakan zo a shagon cacar ƙwallo, ko da ƙwaya da maganin tari mai sa maye, wanda har sai da gwamnati ta hana shigo da shi da yinsa a 2018. Yakan zo kuma da alkawarin riba ba wahala, kamar MMM da ta tsaya da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016. Kada wani ya ce ɗansa ya tsira, abin bai shafe shi ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya ƙi da wanda ya rasa

Sau da dama mukan ɗauki 2 Tasalonikawa 3:10 mu mai da ita bulala a kan kowane saurayi marar aiki. Bari mu karanta ta da kyau. Manzo Bulus ya hana abinci ga wanda ya ƙi yin aiki ne. A Tasalonika akwai waɗanda suka ajiye sana'arsu da gangan, suna yawo gida gida suna shiga sha'anin mutane, suna ci daga gumin 'yan'uwa. Su ne ya tsauta wa. Bai yi magana a kan wanda ya fita da asuba ya dawo hannu wofi ba.

Malalaci yana nan, Littafin Karin Magana kuma bai raga masa ba. Ya tura shi wurin tururuwa ya koyi hikima, ya kuma nuna gonarsa da ƙaya ta rufe, katangarta ta rushe. Amma mutanen ƙarfe 5 ba a kan tabarma aka same su ba. A kasuwa aka same su, bayan sun sha rana yini guda, suna kallo ana ɗaukar waɗansu ana barinsu. Rashin bambanta waɗannan biyu zunubi ne da muke yi wa 'ya'yanmu. Idan muka kira mai nema malalaci, mun ƙara masa rauni a kan rauni. Idan kuma muka ci gaba da ciyar da malalaci muna cewa ƙasa ce ta lalace, mun taya shi hallaka. Hanyar ganewa ita ce wadda mai gonar ya bi, wato a je inda yake, a tambaye shi, a saurara, sa'an nan a miƙa masa aiki. Mutanen nan da aka ce su tafi gona saura sa'a ɗaya, ba su tsaya ciniki ba, suka tafi. A nan gaskiyarsu ta fito.

Gare ka, ɗana saurayi

Da fari, ka sani darajarka ba a takardar ɗaukar aiki take ba. An fanshe ka da jinin Almasihu tun kafin wani ofis ya san sunanka. Kada kunya ta raba ka da sujada, gama wanda ya ware daga garke shi kura take fara kamawa.

Na biyu, kada ka raina aikin hannu. Allah ya sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta ya kiyaye ta tun kafin zunubi ya shigo, saboda haka aiki ba la'ana ba ne. Mutanen Nazarat sun san Ubangijinmu a matsayin masassaƙi kafin su ji wa'azinsa. Bulus, da dukan iliminsa, ya zauna a Koranti tare da Akila da matarsa yana ɗinkin alfarwa. A nan ƙasarmu ma, duba bayan takardar Naira 20, za ka ga Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga Kwali, tana ginin tukunya. Yumɓu ne ya kai ta Turai da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Digirinka ba zai ruɓe ba don ka koyi haɗa wutar lantarki, ko aikin famfo, ko shimfiɗa tayil, ko gyaran mota a Apo, ko kafinta a Kugbo. Birnin da ake gini kullum yana neman gwanin da zai zo a kan lokaci, ya yi aiki mai kyau, bai saci kaya ba. Irin wannan mutum ya fi mai digiri wuyar samu. Maraina kaɗan ɓarawo ne, in ji masu iya magana.

Na uku, ka tsare hannunka. Kada ka sayi gurbin aiki. Iyalai da yawa sun sayar da gona ko shanu, sun ba wani wanda ya ce yana da hanya, suka karɓi takardar jabu. Ko da ta gaske ce, ka shiga ta ƙofar rashawa, ka kuma ture wani wanda ya cancanta. Yusufu ya yi bauta a gidan Fotifar, ya yi a kurkuku, a kowane wuri kuma amincinsa ne ya sa aka danƙa masa mabuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Gare ku, iyaye

Baba da Mama, kun sha wahalar kuɗin makaranta, kuna da dalilin sa rai. Amma zamanin da mai takardar sakandare yake zaɓen aiki ya wuce. Ɗanku ya gama hidimar ƙasa, ya zaga sakateriya da takardunsa har takalmi ya cinye, bai samu ba. Idan ya dawo gida, kada ya tarar da wata kotun. Gori a kan tuwo, da gwada shi da ɗan maƙwabci da ya sayi mota ba a san sana'arsa ba, su ne suke tura yaran kirki hannun Abimelek. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi.

Kada kuma ku hana shi sana'a don gudun abin da dangi za su ce. Waɗanda 'ya'yansu ke ƙanana, ku haɗa musu boko da aikin hannu tun yanzu, a hutun makaranta su je wurin tela ko makaniki ko gona, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun sani ba kowa ne zai iya cewa ɗansa ya koma gida noma ba. Akwai 'yan'uwanmu daga Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, Neja da Borno waɗanda rashin tsaro ne ya raba su da gonakinsu. Amma wanda gonarsa ke nan lafiya, kada ya ɗauki komawa gare ta kamar faɗuwa. Gara mai rumbu a ƙauye da mai kwana a kangon gini a birni.

Gare ku, masu ɗaukar ma'aikata

A cikin ikkilisiyoyinmu na Abuja akwai daraktoci, da 'yan kwangila, da masu shaguna, da masu makarantu, da masu gina gidaje. Ku ne kuke tsaye a gurbin mai gonar. Shari'ar Musa ta umarta a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, zuciyarsa kuma tana kan ladan. Za ku sami wannan a Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15. Annabi Irmiya, a sura 22, ya furta kaito a kan sarkin da ya gina benaye da gumin mutanen da bai biya ba. Yakubu sura 5 ta ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Ɗan'uwa, idan maigadinka ko direbanka ko malamin makarantarka yana bin ka albashin wata 3, kada ka kawo baikon godiya gaban bagade tukuna. Je ka biya shi. Tun watan Yuli na 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000, kowa kuma ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Mai bi bai kamata ya fake da cewa akwai wani a waje da zai karɓi rabin haka ba.

Akwai kuma dokar kala. Allah ya hana manomin Isra'ila girbe gonarsa har gefe, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. Lura, ba a ce a kai musu hatsi gida ba. An bar musu wurin da za su yi aiki su ci da mutuncinsu, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. Gefen gonarka a yau shi ne gurbin ɗan koyo a shagonka, da ƙaramar kwangilar fenti ko walda da za ka iya ba saurayi mai tasowa. Mu dubi 'yan'uwanmu Ibo a kasuwannin Dei-Dei da Zuba. Maigida yakan ɗauki yaro ya riƙe shi shekaru yana koya masa ciniki, a ƙarshe ya sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Abin koyi ne.

Gare mu, ikkilisiya

Gwamnati tana da nata alhakin, wajibi ne kuma shugabanninmu su riƙa faɗa mata gaskiya. An kafa hukumar samar da ayyukan yi a 1986, an yi NAPEP a 2001, an yi N-Power a 2016, har yanzu samari suna tsaye. Amma ikkilisiya ba za ta naɗe hannu tana jira ba. A ƙarshen shekarun 1950, a ƙasar Filato, mishan ta fara shirin Faith and Farm a ƙarƙashin Peter Batchelor, inda ake haɗa saurayi da manomi mai bi ya koyi noma da garmar shanu tare da Maganar Allah. Iyayenmu sun gane cewa bishara da abin hannu tafiyarsu ɗaya.

Ga abin da kowace majalisar dattawa za ta iya farawa da shi cikin wannan wata uku. Na ɗaya, mu yi tamu ƙidayar. Mun san yawan baikon kowace Lahadi har kwabo, amma dattawa nawa ne za su iya faɗin sunayen samarinsu marasa aiki? A rubuta sunan kowa, da abin da ya karanta, da abin da hannunsa ya iya. Na biyu, a rubuta masu sana'a da masu ɗaukar aiki da ke cikinmu, a haɗa su da samarin, da yarjejeniya a rubuce, dattawa su zama shaidu domin kada a mai da ɗan koyo bawa. Na uku, a ware wani kashi na baikon kaka domin sayen kayan aiki, kamar keken ɗinki, injin walda ko akwatin kayan makaniki, a ba da su rance, wanda ya biya a ba na bayansa. Na huɗu, aikin ginin majami'a da gyaranta a fara neman 'ya'yanmu da suka iya, a kuma biya su yadda za a biya baƙo. Sa'ad da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye a Ayyukan Manzanni sura 6, manzanni sun sa jama'a su zaɓi mutum 7 masu mutunci, suka danƙa musu aikin. Mu ma mu sa amintattu a kan wannan, masu ba da lissafi a fili.

Wajibi ne kuma mu faɗi wata magana mai ɗaci. Duk mai wa'azin da ya karɓe kuɗin mota na ƙarshe daga hannun saurayi marar aiki, yana yi masa alkawarin takardar ɗauka cikin kwana 7, ya ji tsoron Allah. Addu'a gaskiya ce, Allah yana buɗe ƙofofi, amma ba a sayen alherinsa. Mai gonar shi ya biya 'yan ƙwadago, bai karɓa daga hannunsu ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, dukanmu mutanen ƙarfe 5 ne. Muna tsaye ba bege, ba mai kula da mu, Almasihu ya fito ya neme mu, ya ba mu abin da ba mu yi wahalarsa ba. Wanda ya karɓi irin wannan alheri ba shi da ikon wuce ɗan'uwansa a bakin hanya ya ɗaga gilashin mota. Ba mai iya ɗaukar samarin Abuja duka, amma da yayyafi kogi kan cika. Kafin fitowa ta gaba, bari kowane gida da Allah ya buɗa wa ya nemi saurayi ɗaya, ya san sunansa, ya ji labarinsa, ya kuma taka masa har ya kama wani abu. Kai kuma da kake jira, kada ka bar kasuwa. Maigidan yana fitowa har da yamma.

Addu'a

Ya Uba na sama, kai da kake aiki har yanzu, ka dubi 'ya'yanmu da ke nema ba su samu ba. Ka tsare su daga hannun mugu, ka ba su haƙuri da ƙwazo. Ka gafarta wa jama'arka inda aka danne ladan ma'aikaci. Ka ba shugabannin ƙasarmu tsoronka, ka kuma buɗe idanun ikkilisiyarka. Mun roƙa a cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Domin tattaunawa a sujadar iyali

1. Wane saurayi ne a danginmu ko a ikkilisiyarmu da muka yanke wa hukunci ba mu taɓa tambayarsa ba?
2. Akwai wanda ya yi wa gidanmu aiki da har yanzu yake bin mu ladansa?
3. Wace sana'a ce kowane yaro a gidan nan zai fara koyo a hutu mai zuwa?